Yadda Malamin Tattalin Arziki Ke Zama Mai Ba Gwamnati Shawara

Ɗalibin da ke burin koyar da tattalin arziki a jami'a, har wata rana hukumomi su nemi shawararsa, ya riƙe lissafi da ƙididdiga da hannu biyu tun a digiri na farko, domin da su ake yin tankaɗe da rairaya a digiri na biyu da na uku. Ya kuma ƙware a manhajar sarrafa alƙaluma, irin su Stata ko R.

Bayan digirin digirgir, sai ya tsaya a fanni guda har a san shi da shi, ko hauhawar farashi, ko haraji, ko bashin ƙasa. Ya gina bincikensa a kan alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Babban Bankin Najeriya, ya riƙa gabatar da shi a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya, wadda aka kafa a 1957. AERC, wata cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, ita ma tana tallafa wa matasan masu bincike na nahiyar.

Tarihin Farfesa Charles Soludo ya nuna yadda hanyar take. A Jami'ar Nsukka ya yi digirinsa uku, a can kuma ya koyar, kafin Shugaba Obasanjo ya naɗa shi babban mai ba shi shawara kan tattalin arziki a 2003. A 2004 ya zama gwamnan Babban Banki, inda ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, lamarin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25.

Sai dai inda malamai da yawa ke tuntuɓe shi ne rubutu. Minista ba zai zauna karanta maƙala mai shafi arba'in ba. Abin da yake so shafi biyu ne da ke fayyace zaɓin da ke gabansa, da kuɗin da kowanne zai ci, da waɗanda za su ji a jikinsu. Wannan na ƙarshen, a ganina, shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali tsadar sufuri da abinci da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta isa shaida.

Idan an yi wa malami tayin muƙami, gwamma ya nemi izinin tafiya na wani lokaci daga jami'arsa da ya ajiye aikin ɗungurungum, saboda wanda ke da ajin da zai koma ya fi ƙarfin halin gaya wa shugaba cewa lissafinsa bai fita ba.