Yadda za ka tantance maƙalar mujalla tun daga tsakure da gabatarwa

Ɗalibin da ke rubuta kundi a Gusau, Aliero ko Birnin Kebbi, da zarar ya buga kan aikinsa a Google Scholar, sai maƙalu su zubo masa ɗari bisa ɗari. Ga data ta yi tsada, ga malami na jiran babi na biyu. Minti goma a kan kowace maƙala ya isa a rarrabe aya da tsakuwa.

Fara da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a farkon maƙala. Yawanci kalmomi 150 zuwa 250 ne, kuma abu huɗu ake nema a ciki: tambayar da aka so amsawa, hanyar da aka bi, abin da aka gano, da ma'anar da marubucin ya ba shi. Na ukun shi ne ma'auni. Tsakuren da ya ƙare da cewa an tattauna sakamako an kuma ba da shawarwari, bai faɗi sakamakon ba, sau da yawa ciki ma babu wani abin a zo a gani.

Sai ka tambayi hanyar: mutum nawa, a ina, yaushe? A ce aikinka kan gubar dalma ne, wadda aka gano tana kashe yara a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadin sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Maƙala mai kyau za ta faɗi ƙauyukan da aka shiga, yawan yaran da aka ɗebi jininsu, da adadin dalmar da aka samu. Shekarar tattara bayanai kuwa daban take da shekarar bugawa, kuma nan ɗalibai ke yawan zamewa. A 2013 aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega, ɗaya daga cikin garuruwan da gubar ta shafa, saboda haka awon da aka yi kafin nan ba zai gaya maka halin da garin ke ciki bayan nan ba, ko da an buga maƙalar daga baya. Haka nan idan taken maƙalar ya ce Nijeriya, amma ƙaramar hukuma ɗaya aka zagaya, sakamakon na wannan ƙaramar hukumar ne. Kula da lafazi kuma: binciken da ya raba takardar tambayoyi sau ɗaya zai iya nuna abu biyu na tafiya tare, amma ba shi da hurumin cewa wannan ne ya haddasa wancan.

Idan tsakuren ya tsallake, wuce gabatarwa, amma ka fara da sakin layinta na ƙarshe. Nan ake ajiye manufa. Gwada ta da sakamakon da ke tsakure. In manufar ta ce za a auna amfanin da sabon irin shinkafa ke bayarwa a fadamar Argungu, sakamakon kuma ya ɓige da ra'ayin manoma game da irin, to an yi alkawarin wani abu an kawo wani.

Daga nan koma sama ka nemi giɓin, wato abin da binciken baya bai taɓo ba, wanda maƙalar ta zo cikewa. Cewa "ba a yi bincike sosai a wannan fanni ba" ba giɓi ba ne. Marubucin da ya san aikinsa zai ce wane ya yi kaza, ga inda ya tsaya. Dubi shekarun ayyukan da ya ambata. A likitanci da kimiyyar kwamfuta, in duk sun haura shekara goma, da walakin. A tarihi da adabi kuwa tsufa ba aibi ba ne. Mai nazarin Gwandu ba zai tsallake rubuce-rubucen Abdullahi ɗan Fodiyo ba.

Leƙa ranar da mujalla ta karɓi maƙalar da ranar da ta amince da ita. Tantancewar masana kan ɗauki makonni ko watanni, don haka tazarar kwana uku abin tuhuma ce. Nemi sunan mujallar a DOAJ ko AJOL, wato shafukan intanet da ke jera mujallun ilimi, sannan in akwai lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala wadda ke farawa da 10, saka ta a doi.org ka ga ko za ta kai ka ga maƙalar.

Wadda ta tsira, rubuta manufarta, wuri, shekara da sakamako a layi huɗu. Amma kada ka kwafi adadi daga tsakure ka sa a kundi. Buɗe jadawalin da ke sashen sakamako ka gani da idonka, domin akan samu su saɓa, kuma jadawalin za a tambaye ka ranar kare kundi.