Kafin ka sa wa sabuwar kwamfuta Windows 7, fara neman direba

'Yan uwa masu gyaran kwamfuta a Wunti da sauran sassan Bauchi, ga wata shawara.

Kafin ka goge Windows ɗin da ta zo da na'urar, sauko da direban intanet da na USB 3.0 ka ajiye a filasha. Direba ita ce ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da wani ɓangare na kwamfuta. Windows 7 ta fito ne a 2009, ba ta san USB 3.0 ba. Shi ya sa ana tsaka da sanyawa sai linzami da allon rubutu su daskare, ko ta ce ba ta ga filashar ba. Maganinsa shi ne ka cusa direban cikin filashar da za ka yi aikin da ita tun farko.

Idan ba ka san sunan wani ɓangare na kwamfutar da kake neman direbansa ba, buɗe Device Manager ka duba Hardware Ids. Za ka ga VEN (lambar kamfanin da ya ƙera shi) da DEV (lambar ɓangaren kansa). VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC kuma Realtek. Kwafi lambar gaba ɗaya ka bincika, ya fi yin lalube. A BIOS kuma, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, kashe Secure Boot, ka kunna Legacy.

Amma fa dabarar tana da iyaka. Daga processor na Intel samfurin 7th generation zuwa sama, Microsoft ba ta goyon bayan Windows 7, direban hoto ma da ƙyar ake samu. Kuma tun Janairun 2020 aka daina sabunta tsaronta. Idan wata tsohuwar manhaja kawai kwastomanka ke buƙata, sa masa VirtualBox, manhajar da za ta ba shi damar gudanar da Windows 7 a cikin Windows ɗin da yake da ita, ka bar Windows ɗinsa yadda take.