Motar dizal na shanye ruwa tana hayaƙi: yadda za ka gano cutar

A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da kan wuce digiri 40, motar da ke shanye ruwan lagireto ba ta jira.

Da farko, bari injin ya huce sarai, da sassafe ya fi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai watso maka a fuska.

Sai ka leƙa ƙarƙashin motar, ka bi tiyo-tiyo da famfon ruwa. Busasshen farin tabo kamar kanwa shi ne wurin yoyo. Robar murfin ma takan mutu.

Zaro sandar auna baƙin mai. In man ya yi fari-fari, ruwa ya shige shi, kada ka ƙara tuƙa ta.

In man lafiya lau, tada motar da murfin lagireto a buɗe. Kumfa na tasowa ba tsayawa, injin na jijjiga? Galibi gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone, ko kan injin ya tsage.

Yanzu koma bayan salansa. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗau zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Farin da ke yaji a ido yana warin dizal, nozul mai fesa mai ne ko hita mai ɗumama silinda. In baƙi ne, soma duba filtar iska, ƙurar hunturu kan toshe ta. Shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa.

Kafin bakanike ya kwance kan injin, ka ce ya duba na'urar sanyaya EGR, wato mai sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin injin, don ita ma tana zuba ruwa cikin injin.