Darasi na Tara: Injin Busar da Tufafi Yana Numfashi

Babban injin busar da tufafi, irin na otal ko asibiti ko gidan wanki, da iska yake aiki. Yana zuƙo iskar ɗaki, ya ɗumama ta da gas ko lantarki, ya kora ta cikin jiƙaƙƙun kaya, sannan ya fitar da ita waje ɗauke da danshi da burbushin zare. Duk iskar da ya fitar, dole wata ta shigo ta maye gurbinta. A nan ne masu kafa injin suka fi yin kuskure.

Idan ɗakin a toshe yake, kaya za su daɗe ba su bushe ba, gas ya ƙare a banza. Abin da ya fi tsorata ni shi ne injin gas: wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Saboda haka a buɗe kafar shigar iska a bango, kusa da bayan injin, wadda ba a rufe ta ko da sanyi. Littafin da ya zo da injin zai faɗi girmanta. In an ƙara inji, a ƙara kafa. Kada ta yi kusa da bakin bututun fitar da iska, don kada injin ya sake shaƙar abin da ya amayar. Haka kuma a nisanta ta da wurin da ake ajiye sinadarin wankin da ba na ruwa ba, domin tururinsa in ya haɗu da wuta yakan zama asid mai cin ƙarfe da tufafi.

Sai tazara. Kamfanoni da yawa suna neman a bar aƙalla santimita 60 tsakanin bayan injin da bango, don mai gyara ya samu wurin tsayawa. Sama kuma a bar kamar santimita 30, musamman in silin na katako ne. Wannan fili ba sito ba ne. Kada a jibge kwali ko tsummoki a ciki.

Bututun fitar da iska ya zama na ƙarfe mai santsi a ciki, kada a sa na roba. Faɗinsa kada ya gaza na bakin injin. A gajarta shi, a rage lanƙwasa, domin kowace gwiwa tana rage wa iska ƙarfi. Wajen haɗa shi kada a ɗaure da ƙusa mai leƙowa ciki, saboda burbushin zare zai maƙale a kanta ya taru, kuma shi kamar auduga yake, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Bakin bututun ya fita waje sosai, ya kalli ƙasa don ruwan sama, kuma kada a sa masa raga. Ragar toshewa take yi.

Aikin yi: kunna dukkan injinan, ka rufe ƙofar ɗakin, sannan ka gwada buɗe ta. In ka ji ta yi nauyi, ko tana bugowa da kanta, iskar da ke shigowa ba ta isa ba. Kashe injinan, ka kira wanda ya kafa su.