Kurakuran da ake yi wa shuke-shuken gida idan hunturu ya zo ƙarshe

Duk shekara, da zarar Fabrairu ya kama, sai 'yan'uwa da maƙwabta su fara turo mini hoto iri ɗaya: shuka ta kaɗe ganye ta zama tsinke, ana tambayar wane magani za a saya. Wallahi na gaji da ganin ana kashe shuka da hannu sannan a ɗora wa hunturu laifi. Abin da zan faɗa a nan daga tsakar gidana na Zariya na koye shi, wasu kuma sai da na yi asara mai ciwo.

Ƙarshen hunturu lokaci ne mai fuska biyu. Da asuba sai an ja bargo, kafin azahar kuma rana ta fara cizo. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas ba ta da laima ko kaɗan, tana ɗauke da ƙurar da galibinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, ga shi kusan wata huɗu ƙasa ba ta ga ruwan sama ba. A gaba kuma Maris da Afrilu ne, lokacin da zafi ke dosar digiri 40. Itatuwa da yawa sukan zubar da ganye ne da gangan don su rage asarar ruwa, su yi likimo har damina ta matso. Mu kuma da mun ga haka sai hankalinmu ya tashi, mu shiga ceton abin da bai nemi ceto ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kuskuren ruwa. Ina da wata ƙariya da na ɗauko daga gidan mahaifiyata, ta shekara shida a tukunyar ƙasa, gindinta ya yi ƙiba kamar tulu. Wata shekara ganyenta ya yi rawaya ya zube ƙarƙaf. Na ce ƙishi ne. Safe da yamma ina kwarara mata ruwa, har ina ƙarawa da rana idan na ga saman ƙasar ya bushe. Bayan mako uku na danna gindin da yatsa, sai yatsan ya lume kamar a cikin ruɓaɓɓiyar gwanda, wani wari ya taso. Ranar ban iya cin abincin dare ba, domin Inna ta riga ta rasu, kuma wannan ce shukar da hannunta ya taɓa.

Ƙariya itaciyar fako ce, a busasshen daji da tsakanin duwatsu take fitowa da kanta. A wannan ƙaton gindin take tara ruwanta, kuma a rani take fitar da furen nan nata mai ruwan hoda, sau da yawa ba ganye ko ɗaya a jikinta. Shukar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa sosai, saboda haka duk wanda aka zuba sai ya kwanta a tukunya, sanyin dare ya same shi, saiwa ta ruɓe. Yanzu kafin in ba kowace shuka ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. In da danshi, na wuce. Ƙariya da alobera sau ɗaya nake ba su cikin kwana goma, wani lokaci mako biyu. Kafin kuma ku tuge zogale ko lalle ko rumman ku ce ya mutu, ku kankare ɓawon reshe da farce. In kun ga kore a ƙasa, yana da rai, ku ƙyale shi. A kula dai, ruwan jikin ƙariya dafi ne, a nisanta yara da awaki, a wanke hannu in an yanke ta.

Akwai kuma masu yin akasin haka ga itatuwan da ganyensu ke nan, irin su lemun tsami da gwaiba. Kullum a yayyafa kofi guda a gindi a ce an yi ban ruwa. Wannan ruwan ko faɗin tafin hannu ba ya nitsewa, iskar hunturu ta shanye shi kafin hantsi, saiwa kuma ta saba da zama a sama inda zafin Maris zai gasa ta. Ni nakan yi wa gindin ɗan kwari zagaye, in zuba bokiti biyu cikakku da sassafe, sannan in bar shi kwana uku ko huɗu. Sai in rufe da buntun shinkafa ko busasshen ganye, amma ba na bari ya taɓa jikin itacen, nakan bar tazarar tafin hannu saboda gara. Ƙananan kuwa tsohon tulu nake binne musu har wuya a gefe, in cika shi in rufe bakin, yana tsatsafowa a hankali. Wanda ke sayen ruwa a wajen 'yan ga-ruwa zai ga sauƙin wannan.

Na biyu shi ne taki, kuma a nan zan yi faɗa. Me ya sa da kun ga shuka ta yi yaushi sai ku ruga neman kashin kaji? Ni ma na yi, shi ya sa nake jin zafin abin. Na sayi buhu guda daga wani gidan kaji, ɗanye shakaf, warinsa har yana yaji a ido. Na zuba wa dashen lemun tsami guda uku da na shekara biyu ina reno, na tara shi har jikin itacen don son su yi sauri. Cikin mako guda ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki, ya nannaɗe, ya zube. Biyu suka tafi, ɗaya ya sha da ƙyar bayan na kwashe takin na yi ta wanke ƙasar da ruwa.

Na kai kukana wajen wani dattijo mai lambu a bakin kogin Galma, wanda nake sayen iri a hannunsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, wanda yake barci ana ɗura masa tuwo?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To ki tara takinki ya kwana, sai hadari ya fara haɗowa."

Ɗanyen kashin kaji yana da ƙarfi da gishiri-gishiri, in ya haɗu da busasshiyar ƙasa sai ya zuƙe ruwa daga saiwa maimakon ya ciyar da ita. Haka ma yuriya da sauran takin zamani in aka barbaɗa su a wannan lokaci. Abin da nake yi yanzu, nakan haƙa rami a bayan ɗaki, in zuba kashin kaji ko na awaki tare da ganyen da aka share, in jiƙa shi, in riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Wanda aka haɗa a Fabrairu, zuwa Mayu ya yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi, daidai lokacin da shuka ta farka tana neman abinci. Masu watsa ruwan wanki mai omo da bilic a gindin fulawa kuma, don Allah ku daina. Ruwan alwala da na wankin shinkafa su ne nata.

Mangwaro yana cikin fure a wannan lokaci, wasu ma sun fara ɗaura 'ya'ya. Sai mutum ya ga ƙudaje da ƙudan zuma sun yi masa ca, ya ɗauko maganin feshi. Su ne fa ke kai barbarar furen, in an kashe su ba 'ya'ya. Zubar fure ma ba abin tsoro ba ne, mafi yawansa dama zubewa yake yi. Ni ba na cika masa ruwa sai 'ya'yan sun kai girman gyaɗa.

Ƙura ma ana raina ta. Tana toshe ganye, kuma a ƙarƙashinta wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo ke yaɗuwa, ga darɓa a sabon toho. Sau ɗaya a mako nakan wanke ganyen sama da ƙasa. In ƙwarin sun yi yawa sai in daka 'ya'yan darbejiya cikin hannu biyu, in jiƙa a bokiti ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa bayan la'asar sakaliya. Feshin tsakar rana ƙona ganye yake yi.

Sauran ƙanana ne. Shuka latas da kabeji a ƙarshen Fabrairu an makara, latas zai yi tsiri ya yi ɗaci, gara a sa alayyahu ko lalo ko kuɓewa. Tumatir ma da zafi ya shigo furensa zubewa yake yi, ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, da zafi take tashi. Shukar da ke cikin baƙar leda ko gwangwani kada a bar ta a kan siminti, a ɗora ta a katako a jikin bangon da ke samun inuwa da yamma. Dashen da aka sayo a bakin titi a bar shi a ledarsa a inuwa har ruwa ya zauna. Toka a yi ta kaɗan-kaɗan, ba a juye murhu guda a tukunya ba.

Askin zogale kuwa, na san masu yi tun ƙarshen hunturu kuma yana yi musu. Ni dai sai ƙarshen Afrilu nake sare nawa daidai ƙugu, rassan da na sare in jingine su a inuwa, da ruwan farko ya sauka in kafa su a jikin katanga.