Kurakuran da ɗalibai mata ke yi idan al'ada ta kusa

Kwana bakwai zuwa goma kafin jini ya zo, sinadaran jikin mace suna sauyawa. Daga nan kwaɗayin zaƙi, kumburin ciki, tsamin nono da saurin fushi ke tasowa, kuma yawanci suna lafawa kwana kaɗan bayan jinin ya fara. Ba shagwaɓa ba ce. Amma yadda 'yan mata a jami'a ke tarbar waɗannan kwanaki shi ke ƙara musu wahala.

Babban kuskure shi ne fita lakcar ƙarfe takwas ba a karya ba, sai sha ɗaya ta yi a cika ciki da lemon kwalba da biskit ko cincin. Sukarin jini ya hau da sauri, ya faɗo da sauri, bayan awa biyu yunwa ta dawo da ciwon kai da jin haushin kowa. Gyaran ba barin zaƙi gaba ɗaya ba ne, don wadda ta yi haka da rana ita ce ke cinye leda guda ta alewa da dare. Ki ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa uku: ƙosai da kunu, alale, dankalin Hausa, gyaɗa. Kwaɗayi ya matsa, dabino uku da kofin kindirmo sun isa.

Na biyu kuwa ya fi ban haushi. Ciwon mara ya fara, sai a haɗiye ibuprofen, ƙawa ta miƙo Felvin a ƙara, duka a kan cikin da babu komai! Haba 'yan mata, wa ya koya muku haka? Dangi ɗaya ne magungunan nan, haɗa su yana iya jawo gyambon ciki maimakon sauƙi. Ɗaya kawai, bayan an ci abinci. Ibuprofen 400mg duk bayan awa takwas, kada ya wuce 1200mg a rana sai da izinin likita. Mai olsa kada ma ta taɓa su, ta nemi farasitamol da tsumman ruwan ɗumi a mara.

Indomie da maggi mai yawa suna ƙara kumburi, ki rage gishiri. Kofi da lemon ƙara kuzari don karatun dare suna hana barci, su ƙara tsamin nono. Wuni a kan katifa ba ya rage komai, tafiyar minti talatin ta fi.

Ki rubuta ranakun da alamomin ke zuwa har wata biyu a jere. Idan baƙin ciki yana hana ki shiga aji, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, ɗauki takardar ki tafi asibitin makaranta ranar nan.