Yadda ake zagayen dutsen Wli ba tare da gwiwa ta ci amanarka ba

Sau uku ke nan ina raka samarin unguwannin Nima da Mamobi na Accra zuwa Wli, kuma duk tafiyar sai na ga abu ɗaya: kowa hawan yake tsoro, alhali saukowar ce ke sa ƙato kuka. To bari in faɗa muku yadda ake yi tun kafin wani ya sake zuwa da silifas.

Wli yana yankin Volta ne, kusa da Hohoe, dab da bodar Togo, cikin gandun dajin Agumatsa. Ruwan da ke zubowa daga dutsen nan shi ne mafi tsawo a Ghana, kuma hawa biyu ne, na ƙasa da na sama. Na ƙasan tafiyar kamar minti 45 ce a shimfiɗe, kana tsallake rafi a kan ƙananan gadoji, ko Hajiya ma za ta iya. Wanda nake magana shi ne zagayen da ake hawa ta gefe ɗaya, a je ruwan sama, a sauko ta wani gefen. Akwai gajere akwai dogo, ka ware awa 4 zuwa 6.

Da farko kada ka ce za ka taso daga Accra da asuba ka hau a ranar. Motar Hohoe daga tashar Madina ko Tudu, ku bi Atimpoku ku haye gadar Adomi ku wuce Kpeve, kafin ka isa ƙugunka ya riga ya gaji, ga tasin Hohoe zuwa Wli kuma. Ku tafi Juma'a bayan masallaci ku kwana can, ku haɗa kuɗin ɗaki mutum uku uku ya fi sauƙi. Ku riƙe tsabar kuɗi a aljihu, kada ku dogara da momo, wato kuɗin waya, netwok ɗin wajen ba shi da alƙawari.

Da safe ana sallame asuba a sha koko da ƙosai, a tafi ofishin da ake biyan kuɗin shiga a ɗauki gaid, wato ɗan jagora. Ba a shiga babu shi, kuma ko da ana shiga ni ba zan yi ba, don hanyoyin manoma sun cakuɗe da ta masu yawo. Ƙarfe 7 ya same ku a hanya. Ruwa lita 3 kowane mutum, a gora, ban yarda da fiyawota na leda ba, yana fashewa cikin jaka ya jiƙa maka komai. Dabino, gyaɗa, ayaba. Waakye, wato shinkafa da wake, ka bar shi sai an dawo, wallahi wanda ya cika ciki da shi a hawan farko zai yi nadama. Takalmi kambas mai kama ƙasa, wanda ka saba sawa, ba sabo ba.

Hawan kansa babu wata dabara, taku ƙanana, kada ka yi tsere da kowa, in ka kasa magana saboda haki to ka yi sauri da yawa. Ana shan ruwa kaɗan kaɗan. Dokata ita ce in kun kai ruwan sama rabin gorarka na nan.

Yanzu saukowa. Nan ne na sha kashi a zuwana na farko, na zame na zauna a kan dutse, sati biyu ina sallah a zaune. Abin da ke faruwa shi ne cinya ta riga ta gaji da hawa, ga ta yanzu ita ce birki, sai ka ji ƙafa tana rawa da kanta kamar ba taka ba. Kafin ka fara sauka ka zauna minti 10, ka ci dabino, ka sake ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, farce na fita a haka. Sandar da gaid zai ba ka ko ya sara maka, karɓi, ba tsufa ba ne. Sanda ta fara taɓa ƙasa sannan ƙafa. Inda gangaren ya yi tsanani ka juya gefe ka sauka a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka miƙar da ita ƙam. Inda ya fi haka ka zauna ka ja gindi, wando ne kawai zai yi datti, babu mai ɗaukar ka hoto sai abokinka kuma shi ma yana ta kansa. Kada ka taka saiwar itace mai laima ko busasshen ganye a kan dutse, santsinsu ya fi sabulu. Kafin ka kama reshe ka duba shi, wani ruɓaɓɓe ne wani kuma tururuwa ce cike. Sannan ku bar tazara tsakaninku, in na sama ya turo dutse ya yi ihu.

Waya a jaka. Rabin faɗuwar da na gani masu ɗaukar bidiyo ne suna tafiya.

In an yi ruwan sama da dare ku haƙura da zagayen ku tsaya a na ƙasa, ni na fi son Nuwamba zuwa Janairu, ƙasa ta bushe, ko da yake hazon hunturu yana rufe nesa. In kun sauko za ku ga jemagu jingim manne a jikin dutsen ruwan ƙasa, ku yi alwala a rafi ku yi azahar, ku canja riga, ku ba gaid ɗan wani abu bayan kuɗin ofis. Motar Accra kuma gobe da safe.